Dutse Ba Birki Ba Ne

Jawabi ga direbobi da yaran mota da fasinjoji na yankin Birnin Kudu da Gwaram



Duk wanda ya saba shiga motar kasuwa a wannan yanki ya san abin da ke faruwa idan mota ta tsaya a kan gangara. Tun ba ta gama tsayawa ba, yaron mota ya diro. Ya ruga gefen hanya ya sungumo dutse, ko ya zaro guntun katakon nan da ake kira waigi. Ya sunkuya ya cusa shi ƙarƙashin tayar baya. Sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, "Oga, sake ta!" Direba ya ɗaga ƙafa daga kan birki. Mota ta ɗan yi baya, ta hau dutsen, ta tsaya. Fasinjoji su sauka, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya ga abin mamaki.

To, akwai abin mamaki. Aikin nan da yaron ya yi, akwai ƙarfen da aka sa wa motar musamman domin shi. Sunansa birkin hannu. Direbobi suna ce masa hambirki. Yana nan kusa da hannun direba. Amma a motocin haya da yawa ya daɗe da mutuwa, ba a gyara ba. Sai aka mai da dutse da ɗan mutane su ne birki.

Wannan magana ta fi shafar kudancin Jigawa. Yawancin ƙasar jihar shimfiɗaɗɗiya ce. Direban Gumel ko Haɗeja yana iya wuni bai tsaya a kan tudu ba. Nan kuwa ba haka ba ne. Birnin Kudu gari ne na duwatsu, kowa ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ƙasar Gwaram ma, wajen Fagam da Farin Dutse, akwai tuddai da kwaruruka. Ruwan sama ya fi yawa a nan, ruwa kuwa shi ne babban abokin gaban birkin hannu. Ga manyan motoci da ke bin hanyar Kano zuwa Wudil, su wuce Kwanar Huguma, su ratsa Birnin Kudu, su nufi Babaldu. Ga kuma a-kori-kura da kanta masu lodin hatsi da dabbobi zuwa kasuwar Sara.

Yadda yake aiki

Kowace mota birki biyu gare ta. Na ƙafa da mai yake aiki. Idan direba ya taka, man birki ya bi ta wasu siraran bututu, ya je ya matse tayoyi huɗu. Ranar da bututu ya huje, ko roba ta cinye, mai ya tsiyaye, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Birki ya tsinke ke nan.

Birkin hannu ba ruwansa da mai. Waya ce ta ƙarfe, irin ta birkin keke, sai dai ta fi kauri. Ta bi ta ƙarƙashin mota, ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi tayar baya guda. A yawancin motocin haya, cikin tayar baya akwai wani ƙarfe mai kama da tasa, makanikai suna ce masa duram. A cikinsa akwai wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu masu fata a jiki, ana ce musu shu. Idan aka ja birkin hannu, waya ta ja, shu su buɗe su matse cikin duram, taya ta kasa juyawa. Ƙarar nan ƙat-ƙat-ƙat da ake ji, wasu haƙoran ƙarfe ne suke riƙe sandar don kada ta koma. Maɓallin da ke kan sandar shi ke sakin haƙoran.

Ba duka ne suke tsakanin kujeru ba. A wasu bas-bas ƙirar Hiace, a kusa da sitiyari yake, ana jawo shi kamar mariƙin lema. A wasu motocin, irin su Sienna, da ƙafar hagu ake taka shi. Sababbin motoci kuwa ɗan maɓalli ne mai harafin P, da lantarki yake aiki. An fara sa irin wannan tun wajen shekarar 2001. Ranar da batir ya mutu, ba ya kamawa, ba ya saki, sai an sa wa motar wuta.

Abu biyu za a riƙe a nan. Na ɗaya, tayoyin baya kaɗai yake kamawa. Na biyu, shi ne abin da ya rage wa direba ranar da na ƙafa ya tsinke. Watau motar da ba ta da birkin hannu, kowa a cikinta ya dogara ne ga birki ɗaya tak.

Ajiye mota a kan gangara

Direba ya taka birkin ƙafa, mota ta tsaya cik. Ƙafarsa na kai, ya ja birkin hannu sosai. Ya kashe mota. Idan hawa ta fuskanta, ya bar ta a giya ta ɗaya. Idan gangara ta fuskanta, ya sa ta a ribas. Kada ya bar ta a firi. Sa'an nan ya ɗaga ƙafa a hankali, ya saurara. In ta motsa, bai gama aiki ba.

Akwai kuma dabarar sitiyari. Tun shekarar 1972 motoci a Nijeriya hannun dama suke bi, a dama kuma ake tsayawa. To, direba ya karya sitiyari zuwa dama kafin ya fita. Ko da motar ta kuɓuce, sai ta nufi gefen hanya, ba tsakiyar titi ba. Amma ya duba tukuna. In akwai masu talla ko yara a wannan gefen, ya nemi wani wurin.

Masu mota otomatik suna cewa su ba su bukatar birkin hannu, tunda suna da P. Wannan kuskure ne. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne a cikin akwatin giya, kamar sakata. Idan aka bar masa nauyin mota duka a kan gangara, shi ne ake jin giya ta ƙi fita, in ta fita kuma ta yi ƙara. A fara jan birkin hannu, sa'an nan a sa P. Kuma mutum yana iya zaton ya sa P alhali bai sa ba. A watan Yuni na 2016, a birnin Los Anjalis na Amurka, wani ɗan wasan fim mai suna Anton Yelchin ya fita daga motarsa a ƙofar gidansa, wurin kuwa gangara ne. Motar ta gangaro ta matse shi da ginin ƙofa, ya mutu yana da shekara 27. Motar ba tsohuwa ba ce. Tana cikin irin waɗanda kamfaninsu ya riga ya nemi a mayar masa don gyara, saboda giyarsu tana ruɗar direbobi.

Yadda ake gwada shi

Gwajin ba ya cin kuɗi. A sami 'yar gangara mai sauƙi, inda ba mutane, ba dabbobi. Mota ba kowa a ciki sai direba. Ya taka birkin ƙafa, ya ja na hannu, yana ƙirga ƙarar haƙoran. A yawancin motoci, daga huɗu zuwa takwas ya kamata ya kama. In ya wuce goma, ko sandar ta miƙe sama ba a ji nauyi ba, akwai gyara. Sai ya sa giya a firi, ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya, amma ya bar ta kusa.

A lura da wannan, ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Muddin wani birki yana taimakon na hannu, gwajin bai nuna komai ba. An ga haka a ƙasar Kanada, ko da yake a jirgin ƙasa ne, don shi ma yana da birkin hannu. A daren 5 ga Yuli 2013, wani direba ya ajiye jirgi mai jan tankoki 72 na ɗanyen mai a kan gangara. Ya ɗaure birkin hannu guda bakwai. Ya gwada, ya ga jirgi bai motsa ba, ya tafi ya kwanta. Ashe birkin iska ne ke riƙe da shi, bai sake shi ba lokacin gwajin. Cikin dare wuta ta kama injin, 'yan kwana-kwana suka kashe wutar, suka kashe injin. Iska ta dinga zurarewa. Jirgi ya kama hanya ba kowa a ciki, ya gangara wajen kilomita 11, ya kife a tsakiyar wani gari mai suna Lak-Megantik, wuta ta tashi. Mutum 47 suka mutu.

Cututtukan birkin hannu

Wanda aka fi gani shi ne sakwarkwacewa. Yau da gobe waya tana miƙewa, fatar shu tana cinyewa. Akwai noti da makanike yake ɗaurewa ya rage tsawon wayar. Aikin 'yan mintoci ne. Amma makanike na kirki ba ya fara taɓa notin sai ya buɗe duram ya ga shu. In fatar ta cinye, ɗaure waya rufe ciwo ne kawai. A sake shu, kuma a sake na tayoyin biyu tare, don kada mota ta riƙa ja gefe ɗaya. Kada kuma a ɗaure notin ya wuce kima. In aka yi haka, birki zai riƙa gogar taya ko an sauke shi, mota ta yi ta shan mai a banza. Bayan gyara a ɗaga tayar a juya ta da hannu. In ta juya sakayau, daidai ne.

Wani lokaci waya lafiya, shu lafiya, amma birki ba ya kamawa. In aka buɗe sai a tarar mai ya jiƙe shu. Ko man birki ne ke yoyo a cikin tayar, ko na akwatin baya. Wasu sukan wanke shu da fetur su mayar. Ba ya yi. Fatar ta riga ta sha mai. A toshe inda ke yoyon, a sa sababbi.

In waya ta tsinke, ko silinta sun fara tsittsinkewa, sabuwa ake sawa. Ba a ƙulla ta, ba a yi mata walda. Haka nan in haƙoran sanda suka cinye, har ta kan faɗi da kanta. An sha ganin direba ya ɗaure sandar da robar taya, ko ya tokare ta da kwalba. Wannan ya fi rashin birkin ma haɗari, domin direba zai fita hankalinsa kwance.

Sai cutar damina, watau maƙalewa. Wayar tana cikin wata riga ta roba. In rigar ta tsage, ruwa da taɓo su shiga, tsatsa ta kama. Sai a ja ya ƙi jawuwa, ko a sauke ya ƙi saki. Haka kuma in mota ta ratsa ruwa, ko aka wanke ta a bakin rafi, aka ja birkin hannu aka bar ta kwana biyu ko uku, shu sukan manne da duram. Da safe direba ya sauke sanda, ya ba ta wuta, mota ta ƙi gaba. A nan ba a nuna ƙarfi. In aka danna totur da tsiya, fatar shu tana iya ɓallewa. A gwada gaba kaɗan, baya kaɗan, a hankali. Sau da yawa sai a ji ƙas, ya saki. In ya ƙi, a kira makanike ya cire taya ya bubbuga duram. Maganin abin tun farko shi ne, bayan an fito daga ruwa, a yi tafiya kaɗan a hankali ana ɗan taka birki, har ya bushe. Kuma a riƙa jan birkin hannu kullum, ko a wuri mai lebur. Wayar da ba a motsa ta ita ce ke yin tsatsa. Wasu direbobi suna cewa ba sa ja ne don kada ya maƙale, alhali rashin jan ne ke kawo maƙalewar.

Wuri ɗaya ne ake barinsa a sauke. In za a ajiye mota makonni, kamar a-kori-kurar da ba ta fita sai da kaka, a same ta wuri mai lebur, a bar ta a giya, a sa waigi gaba da bayan taya, a bar birkin hannu a sake.

Akwai kuma mantuwa. Direba ya tashi bai sauke birkin duka ba. Alamarsa jar fitila a gaban direba, mota ta yi nauyi, can sai a ji ƙauri. A tsaya nan take. Kada a taɓa tayar da hannu. Kada a sheƙa mata ruwa, domin ƙarfe mai zafi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. A jira ya huce. Kafin a tashi a gwada birkin ƙafa, saboda zafin yana iya tafasa man birki, na ƙafar ma ya ƙi kamawa. Idan kuwa an sauke sanda har ƙasa amma jar fitilar ba ta mutu ba, a duba man birki. A motoci da yawa fitila ɗaya ce ke ba da labarin biyun. Direban da ya liƙe fitilar da takarda don ta dame shi, ya toshe bakin mai gaya masa gaskiya ne.

Manyan motoci na zamani, tirela da tifa da tanka, nasu daban ne. Wani ƙaƙƙarfan sifirin ne ke kama tayar, iska ce ke ɗage shi. Shi ya sa in iska ta yi ƙasa motar ba ta tashi. Wasu, maimakon su gyara inda iska ke fita, sai su ɗaure sifirin ɗin da noti, su ci gaba da tafiya. Daga ranar tayar nan ba ta da birkin ajiyewa. Tukunyar sifirin ɗin kuma ba abin da yaro mai koyo zai buɗe ba ne. Ƙarfinsa yana iya kashe mutum.

Idan birkin ƙafa ya tsinke ana cikin tafiya

Direba ya ɗauke ƙafa daga totur. Ya tattaka birkin da sauri sau da yawa, wani lokaci yakan ɗan dawo. Ya rage giya ɗaya bayan ɗaya, daga huɗu zuwa uku, zuwa biyu, injin ya riƙe motar. Sa'an nan ya kama birkin hannu, babban yatsansa na danne da maɓallin, ya riƙa ja a hankali. In ya ji bayan motar zai juya, ya ɗan sassauta, ya sake ja. Kada ya fizge shi gaba ɗaya. Tayoyin baya za su daskare, mota ta juya, mai lodi a sama kuwa ta kife. Kada kuma ya zare makulli, domin sitiyari yana iya kullewa. Mai irin na maɓalli ya ja shi ya riƙe. Duk wannan dabara ta mai birkin hannu ce. Wanda nasa ya mutu, ba yaron da zai iya bin mota a guje da dutse.

To, ina matsayin waigi?

Ba a ce a jefar da shi ba. Motar lodi a kan gangara tana bukatarsa, ko birkinta sabo ne. Mataimaki ne. Birki ya fara kamawa, mota ta tsaya, sa'an nan a sa shi ta ɓangaren da gangara take. A sa shi daga gefe, ba a tsaya a bayan mota ba. Katako mai kusurwa uku ya fi dutse. Dutse mai santsi yakan zame a kan kwalta, mai taushi ya farfashe, a jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ya nutse. Kafinta yana iya yanka waigi mai kyau, ya sa masa mariƙi ko igiya, don hannun yaro ya yi nisa da taya.

Wajen canza taya ne waigi ya zama dole. A tuna, baya kaɗai birkin hannu ke kamawa. In aka ɗaga tayar baya da jak, saura taya ɗaya ke riƙe da motar. Saboda haka a tokare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya kafin a fara ɗagawa. Fasinjoji duka su sauka. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Masu faci su ma su kula da wannan.

Iyayen yaran mota suna da magana a nan. Uban da zai kai ɗansa koyon tuƙi yakan tambayi halin direba, ya tambayi abin da za a riƙa ba yaron. Ya ƙara tambaya ɗaya: "Malam, hambirkin motar nan yana aiki?" Ba rashin kunya ba ne. Hannun ɗansa ne zai shiga ƙarƙashin tayar. Shugabannin tasha su ma suna iya gwada kowace mota kafin a ba ta layi. Jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, birkin hannu yana cikin abin da suke dubawa, amma ba kullum suke tasha ba. 'Yan kamasho kuwa kullum suna nan.

Ranar kasuwa rana takan yi zafi, inuwa ta yi wuya. Sai a ga mata masu talla da yara sun zauna a inuwar babbar mota, wani ma ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashinta ya kwanta. Motar da ta kuɓuce ba ta yin ƙara, tunda injinta a kashe yake. Ba a jin zuwanta. A hana yara wannan zama. Direba kuma kada ya bar yara a cikin mota su kaɗai, domin ƙaramin yaro ma yana iya danna maɓallin nan ya sauke sanda.

Saura dutsen da ake bari a hanya. Mota ta lalace, an tokare ta da manyan duwatsu, an jera ganye. An gama gyara, direba ya ja motarsa, duwatsu na nan a kan kwalta. Da dare mai babur ya taho daga Gwaram ko Basirka, fitilarsa ba ta da ƙarfi, ya yi karo da su. Wanda ya sa dutse shi zai ɗauke shi, ya kai shi can gefe, tare da ganyen. Wanda ya tarar da su a hanya da rana, ya taimaka ya kawar. In kuwa haɗari ya riga ya faru, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar waya ta gaggawa, 122, kuma kiran kyauta ne.